Maɓalli Biyu a Rigar Malam

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Injiniya da 'yar jaririyarmu, wadda na ji an ce ta fara kama kujera tana miƙewa. Allah ya raya mana ita, ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya sa ciwon tiyatar nan ya zama labari. Mu nan duk lafiya lau muke, sai kewarki da ta ƙi raguwa.

Inna tana nan garau, sai dai gwiwa da ke ɗan taɓa ta in ta daɗe a zaune. An yanka mata tabarau, amma ta rantse ba za ta sa ba sai ranar da ta kasa zura mini zare a allura, kuma abin haushi har yau ta fi ni saurin zurawa. Babbar 'yarki ta wajena ta shiga aji biyar, in na juya baya sai in ji tana taka mini keke. Ta tsakiya haƙoranta biyu na gaba sun fita, ba ta dariya sai da hannu a baki. Ƙaramar kuwa, wadda kika bari tana rarrafe, shekararta uku da rabi yanzu, kuma bakinta ya fi na kowa a gidan. Maigidana Malam yana nan da ɗalibansa da jan bironsa. Ɗinki ma alhamdu lillahi, ba na rasa abin takawa.

Saƙonki na murya sau uku na saurare shi, a ɗakin ɗinki, ƙofa a rufe. Ban amsa miki ta waya ba domin na san wayarki ba taki ba ce ke kaɗai, duk wadda ta zauna kitso a shagonki sai ta latsa ta. Abin da na fahimta shi ne likita ya ce ki ba jikinki shekara biyu kafin wani cikin, allurar tazarar haihuwa ba ta karɓe ki ba, kin ji ana maganar lissafin kwanaki amma kina tsoron kada ki yi kuskure, kina kuma jin nauyin zancen baki ɗayansa. Duk wannan bai tayar mini da hankali ba kamar tambayarki ta ƙarshe, inda kika rage murya kika ce ko akwai yadda za ki yi abin ba tare da Injiniya ya sani ba. Akwai, Auta. Ni na gwada. Shi ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro, in ba ki labarin da ko Inna ban taɓa ba ta ba.

Kin tuna haihuwar ƙaramar, yadda aka shiga da ni ɗakin tiyata ba shiri. Kafin a sallame ni likitar ta zauna a gefen gadona ta ce in bar mahaifa ta huta shekara biyu, domin wurin da aka yanka aka ɗinke yana bukatar lokaci kafin ya sake ɗaukar nauyi. Ba sai ta ja bayani ba, ni tela ce, na san abin da ke faruwa da ɗinkin da aka ja shi fiye da ƙarfinsa. Na karɓi allura kamar yadda kika karɓa, sai jini ya ƙi tsayawa, ga jiri, in na sunkuya a kan keke ɗakin ya riƙa juya mini. Na san matan da allurar ta zauna musu lafiya lau, maƙwabciyata ma shekararta biyar a kai, amma ni jikina ya ce bai yarda ba. A lokacin Malam ya tafi ƙaro karatu na wata tara, wannan ne ya ba ni sararin komawa asibiti in nemi wata hanyar.

Ungozomar da na samu dattijuwa ce mai faɗa, irin waɗanda ke kallon mutum ta saman tabarau. Ta jero mini duk hanyoyin da ake da su, ba ta ɓoye mini amfanin kowace da wahalarta ba. Da na ce lissafin kwanaki nake so, sai ta ce ba yau ba. Sai da ta sa na riƙa rubuta ranar da al'adata ta fara, har sau huɗu a jere, domin lissafin na macen da al'adarta ke dawowa tsakanin kwana ashirin da shida da talatin da biyu ne kawai, mai shayarwa kuwa jikinta kan daɗe bai daidaita ba. Da ta ga tawa ta tsaya a ashirin da tara, sai ta fito da wata tsarkiyar duwatsu kamar sarƙar wuya. Ja guda ɗaya, ranar da jini ya fara ke nan. Sai shida masu ruwan ƙasa. Sai farare goma sha biyu, daga rana ta takwas zuwa ta goma sha tara, su ne kwanakin da ciki zai iya shiga. Sauran kuma masu ruwan ƙasa, da baƙi ɗaya a cikinsu, wanda in jini ya zo kafin a kai kansa to watan ya yi gajarta. Kullum da safe a matsar da alama gaba ɗaya. Ta ƙara da sharaɗi biyu: in riƙa sa alama a kalanda, kuma in zo mata da mijina, domin a cewarta wannan hanya ba ta mutum ɗaya ba ce. Na ce to, na ce in sha Allahu, kuma a raina na san ba ko ɗaya da zan cika.

Me nake tsoro? Abin da kike tsoro. Ina ganin in na ce wa Malam kwana goma sha biyu a kowane wata sai an yi haƙuri, zai ɗauka na gaji da shi, ko ya ce bai san da wannan tsari ba, ko ransa ya ɓaci ya yi shirun nan nasa da ya fi faɗa ciwo. Shekara goma muna tare, amma bakina bai taɓa iya furta irin wannan magana a gabansa ba. Kalanda a bango take, kowa zai gani, saboda haka na watsar da ita. Tsarkiyar asibiti ma na ƙi karɓa, don duk wanda ya gan ta zai tambaya. Sai na yi dabarar teloli. Na zazzage gwangwanin maɓallai, na tsinci ja ɗaya da masu ruwan ƙasa da baƙi ɗaya. Farare kuwa ina da wasu masu ƙyalli da rami huɗu, ragowar wata doguwar riga da na taɓa ɗinkawa, kuma Allah cikin ikonsa goma sha biyu cif suka rage. Na zura su a zare mai kauri, na ƙulle, na sa ɗan fil ya zama alama, na jefa a durowar keke cikin su alli da tsofaffin zik. Har yaba wa kaina na yi, na ce wa zai ga maɓallai a durowar tela ya yi tunanin wani abu.

Da Malam ya dawo, sai na ƙirƙiro ciwon baya. Fil na hawa kan farin farko sai in fara dafe ƙugu ina cije leɓe, yana sauka daga na ƙarshe sai in warke sarai. Auta, ina rubuta wannan kunya tana rufe ni, domin mutumin nan gaskata ni ya yi da zuciya ɗaya. Ya sayo man shafawa kala uku. Ya sa kafinta ya ƙara wa kujerar ɗinkina abin jingina. Ya hana ni ɗaukar bokiti, ya koma wanke kayansa da kansa kafin ya tafi makaranta, in rigarsa ta yage ba ya ko nuna mini. Ni kuwa ina zaune da baya lafiyayye ina amsa sannu, kowace sannu tana soka ta kamar allura. Wata huɗu muka yi a haka. Cikin da nake gudu bai shiga ba, amma ban taɓa jin nisa tsakanina da mijina kamar na watannin nan ba, alhali gado ɗaya muke kwana.

Wata Asabar da safe, ina cikin kwanakin da na warke, na ce bari in yi masa guga ko na rage nauyin da ke raina. Na shimfiɗa farar rigarsa ta zuwa aiki, na zo kan ƙirji, sai na ga maɓalli biyu da ba irin sauran ba. Farare masu ƙyalli, rami huɗu, an ɗinka su a karkace da shuɗin zare, ƙullin bayan ya kai ƙwayar wake. Kin san tela ba ta manta maɓallinta. Na ruga durowa na ciro tsarkiyar, ga ta nan daidai, ƙullinta a ɗaure, fil a inda na bar shi. Na ƙirga fararen, goma. Na sake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, goma dai. Ni launi kawai nake bi, ban taɓa ƙirgawa ba tun ranar da na zura su. Ashe a watan nan na sauka daga farare tun rana ta goma sha takwas, na ce wa Malam bayana ya saki, alhali da sauran kwana biyu na hatsari. Na zauna a ƙasa dirshan. Ƙaurin ƙuna ne ya shigo da Malam daga baranda, inda yake duba takardun jarrabawa, domin na bar dutsen guga a kan wuyan rigar.

Ya zare wayar dutsen, ya ga ina kuka da maɓallai a hannu, sai ya hau ba ni haƙuri. Ya ce a farkon wata maɓallansa biyu suka tsinke yana shirin fita, bai so ya sa ni aiki da bayan nan nawa ba, ya buɗe durowa ya ga na zura maɓallai a zare, ya ɗauka don kada su watse ne. Ya kwance ƙullin, ya zare goma sha uku na ƙarshe ya jera su a kan tebur yadda suke, ya ɗauki farare biyu, ya mayar da sauran bi da bi ya ƙulle. Malamin lissafi ke nan, ko ɓarna zai yi sai ya yi ta cikin tsari. Ya ce in na wata da ta kawo ɗinki ne zai nemo irinsu yau ɗin nan. A nan na ji ba zan iya ƙara ƙarya ko ɗaya ba. Na gaya masa komai, tun daga allura har ungozoma har ciwon bayan da babu shi, kaina a sunkuye, ina jiran abin da na yi wata huɗu ina gudu.

Sai ya tambaye ni, wato bayan nawa lafiyarsa ƙalau? Na gyaɗa kai. Ya fita baranda ya dawo da littafin da yake shigar da makin ɗalibai, ya buɗe shafin ƙarshe ya miƙo mini. Auta, kwanakin ciwona ne a jere da jan biro. Wata na farko kwana goma sha biyu, na biyu goma sha biyu, na uku goma sha biyu, na huɗu goma. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin goman, ya rubuta sunan man shafawar da ya sayo na ƙarshe, don a zatonsa shi ne ya fara aiki. Ya ce ya lura ciwon yana zuwa yana tafiya kamar ƙararrawar makaranta, ya tsorata ko tiyatar ce ta taɓa wata jijiya, yana tara bayanin ne ya kai wa likitan ƙashi in an yi hutu. Wato abin da na ɓoye masa a durowa, shi yana can yana lissafa mini shi a littafi, bai san me yake lissafawa ba. Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini a cikin kuka ba. Shi bai yi dariya ba. Ya ce shi ne fa ya sa hannu a takarda a ƙofar ɗakin tiyata, shi ya tsaya awa biyu a baranda bai san ko mace zai karɓa ko gawa ba, me ya gani a tare da shi da ya sa na zaci zai so ya sake tsayawa a wurin?

Ransa ya sosu, ba zan ɓoye miki ba, kwana biyu maganarsa ba ta wuce ta dole ba. Amma ranar Litinin shi ya nemi izini a makaranta ya ce in shirya mu tafi asibiti. Ungozoma ta saurare mu, ta cire tabarau, ta wanke ni tas a gabansa, ta ce da na sa alama a kalanda da tun ranar na gane, da kuma na kawo shi tun farko da ya san maɓallan ba na riga ba ne. Ta ce sai dai mu jira, in kwanaki sun wuce mu dawo a gwada. Kwanakin jiran nan sun yi mini tsawo, ina ɗinki ina warwarewa, hannun riga ma na haɗa a baibai. Abin da ya bambanta shi ne ba ni kaɗai nake ɗauke da tsoron ba. Kullum ya dawo aiki zai leƙo ɗakin ɗinki ya ɗaga gira, in girgiza kai, ya ce Allah na nan. Ranar Juma'a da hantsi al'adata ta zo, a kan kwana ashirin da tara ɗinta. Da ya dawo ya leƙo na ce masa fil ya koma kan ja, sai ya zauna a kan buhun yadi ya rufe fuska da hula, ya daɗe a haka.

A ranar ya ciro maɓallan biyu daga rigar da na ƙona, ya mayar da su mazauninsu, ya buga ƙusa a cikin ƙofar kabad ɗin ɗakinmu ya rataye tsarkiyar. Tun daga nan shi ke matsar da fil kowace safiya bayan ya sha shayi, shi ke sa alama a kalanda, har ya kan riga ni sanin yaushe zan fara jin ciwon mara. Kwana goma sha biyun nan da nake gani kamar dutse, ba zan ce miki ba a jin su ba, ana ji, musamman a farko. Ungozoma ta gaya mana abin da wasu ke amfani da shi a kwanakin in haƙuri ya gagara, wannan kuma tsakanin miji da mata ne, ku ma za ta gaya muku. Mu dai mun koyi zama muna hira kamar sabon aure, kuma duk kantocin da ke ɗakin ɗinkina a fararen kwanaki Malam ya kafa su, har sai da na ce ya isa haka, bango ya cika.

Yanzu bari in koma kanki. Kin ce ke ba ki iya lissafi ba, kin kuma tuna mini yadda kike kuka a kan aikin gida. Ke da kike raba gashin mutum gida talatin da tsinken kitso, ba ɗaya da ya fi wani faɗi, kina yi kina hira, matsar da fil ɗaya a rana ne zai gagare ki? Kin kuma tambaya ko hanyar ba ta kuskure. Tana yi, ba zan yaudare ki ba. Ungozoma ta faɗa mana ƙarara cewa ko an kiyaye sosai akan samu wadda ciki ya shige ta, in kuwa ana sakaci to abin ya fi haka yawa, kuma allura ta fi ta tabbas ga wadda ta karɓe ta. Ni ma sau ɗaya bayan wani zazzaɓi al'adata ta zo kafin baƙin maɓalli, muka koma muka faɗa mata, ta ce in ya sake faruwa a cikin shekara to sai mun canza hanya. Bai sake ba. Ke kuma kina shayarwa, ga allura ba ki daɗe da barinta ba, saboda haka kada ki fara komai da kanki. Ki je wurin ungozomarku ta duba ki, ta faɗa miki abin da za ku riƙe kafin jikinki ya daidaita. In ta ce wannan hanya ba taki ba ce, ki ji maganarta ba tawa ba, domin lafiyarki muke nema ba maɓallai ba.

Batun jin nauyi kuwa, na fi ki. Ranar da ungozoma ta fara koya mini lura da danshin da mace kan gani a tsakiyar wata, mai santsi kamar farin ƙwai, wanda ke nuna kwanakin ɗaukar ciki sun zo, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ce in ban san jikina ba wa zai san mini shi? Bayan wata biyu abin ya zame mini kamar duba ko zare ya kusa ƙarewa a keke, kuma na ji haushin shekarun da na yi ina zaune a jikin da ban san yadda yake aiki ba. Kin kuma ce kina tsoron kada ya zama kina ƙin kyautar Allah. Wannan ma ya dame ni, har Malam ya je ya tambayi malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa, ya dawo ya ce an amsa masa cewa hutun da aka yi don lafiya kuma da yardar juna ba ƙin haihuwa ba ne. Ku ma ku tambayi wanda kuka amince da iliminsa, hankalinki zai fi kwanciya. Masu cewa yaushe za a yi wa yarinya ƙani kuwa, ki yi musu murmushi ki ce suna cikin addu'a, ba su za su kwanta a gadon asibitin ba.

Saura Injiniya. Ban zauna da shi kamar ke ba, kuma in akwai wani abu a halinsa da ban sani ba, wanda ya sa tsoron naki na gaske ne, to ki kira ni ki faɗa mini, wannan wata magana ce daban. Amma in irin tsorona ne, na jin nauyi da zato, to ki tuna mini wa ya kira ni ranar da aka shiga da ke tiyata, muryarsa na rawa har na kasa gane abin da yake faɗa. Mutumin da ke kwance firij ɗin mutane ya jera kusoshi a kan tsumma don kada ɗaya ya ɓata, ba zai kasa gane maɓalli talatin da biyu ba. Ki zaɓi rana da ya ci ya ƙoshi, ki fara da abin da likita ya ce, ki nemi ya raka ki asibiti. Ba sai kin tsara zance mai daɗi ba. Ni a ƙasa na yi nawa, da majina da ƙaurin riga, kuma ya wadatar.

Za ki ce in na aiko miki da tsarkiyar ni da me zan yi amfani. To ga albishir, kuma ke ce ta farko bayan Inna. Ina da ciki wata huɗu. Kada ki dafe ƙirji ki ce ga shi nan ta faɗi, ba kuskure ba ne. Shekara biyun suka cika, muka ƙara ɗaya don jin daɗinmu, likita ta duba ni ta ce komai ya yi kyau, sannan muka zauna ni da Malam muka ce lokaci ya yi. Fararen nan da muka yi shekaru muna kauce musu, su muka koma jira, kuma ba mu daɗe muna jiran ba. Auta, wannan ne ciki na farko da na ji shi ban tsorata ba, na san jikina ya huta, na san mu biyu muka roƙe shi. Ki taya ni addu'a Allah ya sauke ni lafiya.

Tare da wannan takarda direban da ya saba kawo miki saƙo zai ba ki ƙunshi. A ciki akwai riga biyu na yarinya, na ƙara musu tsawo don na san ku da saurin girma, sai tsarkiyar a naɗe cikin hankici. Na sake mata zare, na ƙirga fararen sau uku, Malam ya ƙirga sau ɗaya ya ce nasa ya isa. Za ki ga biyu a cikinsu da ɗan guntun shuɗin zare maƙale a rami, kada ki cire, ni na bar shi da gangan. Akwai kuma wata 'yar jaka da fararen maɓallai dozin guda, wannan saƙon Malam ne zuwa ga Injiniya, ya ce a gaya masa in rigarsa ta tsinke ga nasa nan, ya bar na cikin zare.

Ki gaishe mini da Injiniya da kyau, da surukarki, Allah ya saka mata da alheri a kan ɗawainiyar da ta yi da ke, da Gwaggo in kin leƙa ta, ki ce mata zanenta yana kan keke. Inna tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci ki daina tsayuwar kitso tun safe har yamma. Kawu ya zo shekaranjiya ya tambaye ki. 'Ya'yanki uku suna gaida ƙanwarsu, ta tsakiya ta ce a faɗa mata kada ta yi gaggawar fitar da haƙora, faɗuwa suke yi. Ki sumbace mini ita a goshi.

Takardar nan taki ce ke kaɗai, ki karanta ki adana inda kika ga dama. Ƙunshin kuwa na ku biyu ne, haka Malam ya rubuta a bayansa da jan biro. Ba zan tilasta miki ba, amma in za ki ji ta yayarki, kada ki nema masa durowa. Ki jira Injiniya ya dawo daga aiki, ki miƙa masa almakashi ya yanke igiyar da hannunsa.

Allah ya tsare mini ke, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Taki har kullum,
Yayarki mai ɗinki